Wasila Mai Jin Tuwo da Kunne

Wanda bai san Wasila mai tuwon biki ta Tudun Wada ba, wallahi an cuce shi. Shekara ashirin matar nan tana duƙe bisa tukunya. Muciyarta ta fi mijinta Illo tsawo, ni ina ganin har amfani ta fi shi.

Shekara shida da sunka wuce anka ga ƙari ga cikinta, anka cire mata gidan ƙwai duka biyu. Ta warke, ta koma bakin murhu. Sannu a hankali sai ciwon baya. Mu matan unguwa munka yanke hukunci likita ya mance almakashi ciki. Har wanzami munka kira yay yi mata ƙaho, bayanta yak koma kamar tandar waina.

Da anka ɗauki hoto asibiti, likita tac ce babu almakashi. Wai tsakanin ƙasusuwan ƙugu akwai 'yan matasai masu laushi, sinadarin da gidan ƙwai ke bayarwa yana taimaka musu su riƙe danshi. Nata sun bushe sun lotse. Babu sauran duƙawa, babu tuƙi.

Ga bikin ɗiyarta Zakiyya saura kwana tara. Macen da tac ciyar da rabin Sakkwato, a ce tuwon ɗiyarta wata za ta yi? Illo yac ce a kira mai girki daga Arkilla. Kallo ɗaya tay yi mai, yat tuna yana da aiki kasuwa.

Ranar biki tas sa anka shimfiɗa mata tabarma gindin darbejiya, tak kwanta rigingine, filo ƙarƙashin gwiwa, ido rufe. Mu maƙwabta shida muna bisa tukwane uku. Sai munka ji muryar Wasila daga tabarma.

"Hannatu, rage itace, taki za ta kama."

Hannatu tal leƙa, hakanan ne. Wasila tac ce ma Iyatu ta ƙara gari, wai tana jin ruwa na surutu. Ni kuma hannuna ya yi sanyi ina ba da labari.

"Ke mai baki, akwai gudaji gefen hagu."

Da nid duba, guda uku kamar ƙwan zabo. Nik kama murje su da muciya.

Dangin ango sunka cinye har ƙanzo. Wata tsohuwa tasu taz zo neman hannun da yat tuƙa, ta sa mai albarka. Munka nuna mata tabarma. Yanzu in ana biki, keke-napep ake aikawa ya ɗauko Wasila da filonta.