Tatsuniyar Zabuwa da Iya Ba Ta Ƙarasa Ba

A gidanmu, a wani ƙauye kusa da Gagarawa, wuta biyu ake hurawa bayan sallar isha'i. Ɗaya a ƙofar gida, inda Baba yake karantar da yara. Ɗaya a tsakar gida, inda kakata Iya take yi mana tatsuniya tana ɓarar gyaɗa. Zana ce kawai ta raba su. Lokacin ba a daɗe da zuwan Nasara ba, ni kuma yarinya ce mai shegen surutu.

Baba malami ne na gaske, amma bai iya jira ba. Wanda ya haddace allonsa ya wanke a ƙara masa, wanda ya kasa ya yi ta zama da allonsa. Ya kuma hana wani ya biya wa wani. Yaron da ya raɗa wa na kusa da shi aya, su biyun za su sha bulala.

Yayana Habu shi ne ɗan farin Baba, shi ne kuma kurar baya a makarantar. A gona sai ka ji yana zuba karatu, amma da ya durƙusa gaban Baba sai harshensa ya ɗaure. Ƙannen bayansa duk suka wuce shi. Saboda kunyar ɗan fari, Baba ba ya kiran sunansa, balle ya sakar masa fuska. Habu ya fara yini wajen fatake masu jakuna da ke bi ta Maigatari, kowa a gidan yana tsoron wata rana zai bi su.

Iya ta fi kowa ganin haka. To amma ita ma Baba ne ɗan farinta. Ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba, ban taɓa ganin sun zauna sun yi zance ba. In dole ta kama, sai ta ce "mai makarantar nan".

Ran nan muka ji Baba ya daka wa Habu tsawa ya ce ya tashi ya ba shi wuri. Habu ya shigo ya raɓe a bakin rumbu.

"Maigidana, matso ka ji ɗumi," in ji Iya, don haka take tsokanarsa. Ta ja tabarmarta har jikin zana, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba. "To, ga ta ta iso muku, ku buɗe kunne."

Ta ce a da can zabuwa ce malamar tsuntsaye, don babu wanda ya kai ta sanin daji. Kowa ya kawo mata 'ya'yansa ta koya musu kiwo. Da asuba sai ta shiga ciyawa mai raɓa, tana gaba suna biye, ba ta waiwaye. Wani ɗan tsako ya tsaya zai jawo ɗan'uwansa da ciyawa ta harɗe, ta dawo ta tsattsage shi a ka. Kullum yamma sai a ga sun ragu.

Kaza ta ce mata, "Ƙawata, ki riƙa waiwayawa mana. Ki bar manyan su ja ƙananan."

Zabuwa ta ce, "Ni wa ya jira ni da nake koyo?"

"Ana nan ana nan," in ji Iya, "sai wata rana ta isa gindin kuka ta juya, ta duba, babu nata ɗan na cikinta. Sai ta..."

Nan Baba ya yi gyaran murya ta bayan zana. "Hadiza, ki ce a rage murya, ana karatu."

Ni ce Hadiza, amma ban sami bakin isar da saƙon ba. Iya ta sunkuyar da kai ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Muka yi ta magiya, ta ce ta manta sauran.

Da kaka ta yi, aka gama yankan gero, Habu ya bi fataken zuwa Damagaram. Ba mu ƙara sa shi a ido ba. Iya ma ba ta daɗe ba bayan tafiyarsa ta rasu.

Baba ya canja, ba zan rage masa wannan ba. Ya jingine bulala, ya riƙa haɗa mai ƙwaƙwalwa da mai nauyin kai a tabarma ɗaya, ya ce allon ɗaya ba zai wanku ba sai ɗayan ya iya. Yara suka saki jiki da shi, har suna yi masa tambaya suna dariya. Ina jin daɗi in na gani, ina kuma jin ciwo, domin wanda ya fi bukatar wannan ya riga ya tafi. Yanzu da nake koya wa 'yan mata karatu a ɗakina, nakan tuna mutum uku a gida ɗaya, kowa yana son ɗan'uwansa, kunya ta hana kowa faɗa.

Da tsufa ya kama Baba, idonsa ya yi rauni, wata rana na kai masa fura sai ya ce, "Hadiza, zabuwar nan ta tsohuwa, ta koma ta same shi?"

Na ce, "Ai ba ta ƙarasa ba, Baba."

Ya ajiye ƙwaryar furar. Sannan ya ce, "Na zaci ko ta ƙarasa muku daga baya."