Ranar da Maƙwabcina Ya Sake Hawa Keke

Likita ne ya jawo mini hawan keke da girmana. A shekarata ta tara a New York aka ce jinina ya hau, sukari ma yana leƙowa, sai dai in zaɓa: ko in motsa jiki, ko in dawwama a kan ƙwayoyi. Wani Bature da muke aiki tare a ɗakin gwajin jini na asibiti ya bar mini tsohon kekensa mai faffaɗar taya, irin wanda ake hawa a hanyar burji. Na fara da 'yan hanyoyin da ke cikin kurmin tsakiyar Staten Island, ina haki kamar wanda aka koro. Kafin shekara ta zagayo abin ya shiga jinina.

A ƙasan benen da muke haya a Stapleton akwai shagon wani mutumin Maraɗi, kowa Alhaji yake ce masa. Kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, manja, duk a wurinsa muke saye. Ya ba ni shekara goma. Shi kuma lokotoro yake kirana, wato likita a bakin mutanen Nijar, duk da na sha gaya masa jini kawai nake aunawa.

Duk ranar da na sauko da keken nan sai ya fito bakin ƙofa. Ya danna taya da babban yatsa, ya duƙa ya leƙa sarƙa.

"Lokotoro, sarƙarka ta bushe. Kana son ta tsinke maka a daji?"

Zai kawo mai ya ɗiga mata da hannunsa, ya gyara mini tsayin sirdi, amma ko sau ɗaya bai taɓa ɗora ƙafa a kan feda ba. Daga bakin matarsa matata ta ji dalili. Shekara goma sha huɗu ya yi yana kai wa mutane abinci a keke a Manhattan, kullum ya tsallaka a jirgin ruwa daga St. George. Wata rana wani ya buɗe ƙofar mota a gabansa, ya faɗi a tsakiyar titi, bas ta wuce dab da kansa. Ya karye a kafaɗa da ƙugu. Ƙashi ya ɗoru, amma tun daga ranar, da ya kama hannun keke sai jikinsa ya ɗauki rawa.

Baturen nan ya daɗe yana yi mini zancen wani kwari a cikin manyan duwatsun arewacin jihar, tafiyar awa biyar a mota, inda hanyar tsakuwa ta bi gefen ƙorama kuma ba a barin mota ta shiga. Na sa rana a farkon kaka, lokacin da ganye ke komawa ja. Ana saura kwana uku Hajiya, matar Alhaji, ta tare ni a matakala.

"Don Allah ƙanena, ka tafi da yayanka. Shekara shida ke nan daga shago sai masallaci. Ko iska ya shaƙa."

Da na yi masa tayi bai ƙi ba, amma ya kafa sharaɗi. "Bon, to, zan raka ka. Ni mai gadin abinci ne. Kai ka yi hawanka." Na ce na yarda. Duk da haka na ari keke na biyu na ɗaure a bayan mota. Da ya gani ya tambaye ni na wane ne, na ce ko nawa zai ba ni matsala. Ya dube ni, ya dubi keken.

Bayan sallar asuba muka kama hanya, muka isa rana ta ɗaga sosai. Ban taɓa ganin wuri irinsa ba. Duwatsu sun tsaya hagu da dama, kawunansu tsirara babu ko itace, ƙasa-ƙasa kuma dogayen bishiyoyi masu ganye kamar allura. Sanyi ne mai shiga hanci. Abin da ya fi kama ni shi ne shirun wurin. Mun saba da jiniya da ƙarar jirgin ƙasa har ba ma jin su, sai da muka rasa su kunnena ya fara neman abin da zai saurara.

Na shimfiɗa masa tabarma kusa da mota, na ajiye kular dambun da Hajiya ta yi mana da fulas ɗin shayi. Na hau na yi gaba kaɗan, kamar tafiyar minti goma, sai raina ya ƙi kwanciya na juyo. Daga nesa na hango shi tsaye, ya kwance keke na biyu, yana riƙe da shi kamar mai riƙe da akuyar da ba tasa ba.

"Birkinsa nake dubawa," ya ce kafin in tambaya.

"Yaya birkin?"

"Ba laifi." Ya dubi bakin hanyar. "Ka tabbata mota ba ta biyowa nan?"

Na nuna masa ƙarfen da aka gindaya a bakin hanyar, da kwaɗo a jiki. Ya je har wurin ya girgiza shi. Sannan ya dawo ya sa hular kwano a kan tasa hular, ya yi bisimilla ya ɗora ƙafa.

Ya danna feda. Keken ya yi tangaɗi, ya sa ƙafa a ƙasa. Ya sake, ya sake sa ƙafa. Na kawar da kai na shiga gyaran igiyar takalmina da ba abin da ya same ta. A karo na uku na ji tsakuwa tana ƙara a ƙarƙashin taya, ƙarar ba ta tsaya ba. Na ɗago na ga bayansa yana nisa.

Mun yi kusan awa ɗaya muna tafiya. Hanyar ta bi ruwa, ta ratsa wata gadar katako, ta shiga fili mai ciyawa inda wasu barewa biyu suka ɗago kai suka dube mu, suka ci gaba da kiwonsu. Da muka fara hawan tudu na gane wanda nake tare da shi. Ni da na shekara ina horo na sauke giya har ƙarshe ina numfashi da baki, shi kuwa dattijon da ya shekara shida a kan kujera ya miƙe tsaye a kan feda ya wuce ni, rigarsa tana kaɗawa. A saman tudun na same shi yana jirana, yana dariya ƙasa-ƙasa.

A gangara abin ya ɓaci. Wasu matasa biyu suka taho ta bayanmu da gudu, ɗaya ya kaɗa ƙararrawa don ya sanar da mu zai wuce. Alhaji ya damƙe birki gaba ɗaya, tayar baya ta ja tsakuwa, ya sauka da ƙafa biyu. Bai faɗi ba, amma fuskarsa ta canza, zufa ta karyo masa duk da sanyin nan. Matasan suka tsaya suna ba da haƙuri, na ce su tafi, ba laifinsu ba ne.

Ya ce ba zai iya sake hawa ba. Na ce to mu tura. Muka gangara a ƙafa, kowa riƙe da kekensa, har bakin ƙorama. Azahar ta yi, muka yi alwala da ruwan da ya sa haƙorana suka haɗu, muka yi salla a kan wani faffaɗan dutse, shi ya ja mu. Bayan mun sallame ya daɗe yana kallon ruwan.

"Ka san mi, lokotoro? Tun ina ɗan shekara goma nake hawan keke. A gida, buhun gero na babanmu nake kaiwa kasuwa. A nan kuma abincin mutane, kullum ana jirana, kullum na makara. Yau ne karon farko da na hau ba kaya a bayana, ba wanda ke duba agogo saboda ni." Ya shafa kafaɗar da ta karye. "Ashe abin da daɗi."

Na ce masa dambu yana can yana hucewa. Ya yi murmushi ya miƙe. Rabin hanyar komawa mun yi ta a ƙafa. Da muka iso filin ciyawar nan, inda ake hango komai daga nesa, ya hau ba tare da ya gaya mini ba, ya tafi a hankali har wurin mota.

A hanyar gida barci ya kwashe shi tun kafin mu fita daga cikin duwatsu. Washegari Hajiya ta aiko mana da kwanon fura, ta ce a gaya mini ya kwana yana kukan ciwon cinya, da safe kuma ya tambaye ta ko tsohuwar hular kwanonsa tana nan ko ta ba da ita.

Bai koma hawa a cikin gari ba, ban kuma taɓa matsa masa ba. Ko a titin ƙofar shagonsa tura keke yake yi. Amma mun koma kwarin nan sau huɗu tun daga lokacin, kuma har yanzu akwai gangara ɗaya da yake sauka ya taka da ƙafa, ni ma in sauka mu taka tare. A zuwanmu na bara wani abokinsa mutumin Damagaram ya biyo mu, shi ma tsohon mai kai abinci ne. Su biyu suka bar ni a baya tun a tudun farko, ina jiyo su can sama suna gardama a kan wanda ya fi sanin lungunan Manhattan.