Hurar Inna a gidan kaso

Gandiroba ya sa ludayi ya motsa hurar har ƙasan kwano, sannan ya ce in kurɓa. Na kurɓa. Haka ake yi ma duk wanda ya kawo abinci gidan kaso, don kada a shigo da ƙwaya.

Wata biyar ke nan ina tahowa daga Kagara wajen ƙanena Sanusi. A fadamar albasa ya koyi ƙwaya, wai don ya yini yana ban ruwa bai gaji ba. Ita ta kawo shi nan.

Da anka fito da shi, bai ko tambayi Inna ba. Ya jawo kwanon, yana laluben ƙasa da ludayi, daidai yadda gandiroba ya yi.

"Mi kake biɗa?" na ce.

"Yaya, ko guda ba ka saka ba? Kwana huɗu ban runtsa ba. Bango magana yake yi min."

Na ce ma gandiroba yaron ga likita yake buƙata. Ya ce, "Malam, irinsa sun cika ɗaki."

Ko kurɓa ɗaya bai yi ba, ga Inna can tana jiran ta ji ko ya shanye. Jama'a, mi zan ce mata?