Fatihar da Baba Ya Nema

A unguwar Ruwais, can ƙasar Makka, aka haife mu, ni da ƙanena. Mahaifinmu tela ne a kasuwar Balad. Da ƙafa ya tako daga Kano zuwa Makka yana saurayi, bai kuma koma gida ba. Babban abin alfaharinsa shi ne ɗansa ya sauke Alƙur'ani tun gemu bai fito masa ba.

Da ƙanen nawa ya sami gurbin karatu a Beirut, har walima aka yi. Ya dawo injiniya, ya kuma dawo da mata, 'yar Labanan, Kirista, wadda daga baya ta haifa masa 'ya ɗaya. Baba ya je ya tambayi limamin unguwa, aka ce masa auren ya halatta. Ya shigo gida ya ce, "Halas, magana ta ƙare." Amma Umma har ta rasu ba ta taɓa cin girkin matar ba. Ni ma duk canjin da na gani a wurin ƙanena, ita nake ɗora wa laifi.

Wata rana cikin azumi, bayan la'asar, na kai musu shurba da sambusa gidansu na unguwar Sharafiyya. Na tarar an rufe tagogi, ƙanena zaune da faranti a gabansa, sigari a hannu. Matar ta ja ni kicin ta ce da Larabci, "Wallahi ba ni na dafa ba. Ba na kunna wuta da rana a watanku." Ta ƙofar ɗakinta na hango ɗan gicciye a bango. Ashe ita tana riƙe da nata, shi ne ya saki namu.

"Yaya, kada ki gaya wa Baba," in ji shi. "Na zauna da mutane iri-iri, kowa na cewa shi ne kan gaskiya. Ni na gaji."

"To 'yarka fa? Wanne za ta bi?"

"In ta girma ta zaɓa."

Makarantar 'ya'yan Turawan kamfanin da yake aiki suka sa ta. Uwar tana tsoron a ce ta juyar da ita, uban ko a jikinsa. Haka ta tashi ba wanda ya koya mata komai.

Da ciwon ajali ya kwantar da Baba, sai ya ce a kawo masa jikarsa. Ta fara zama budurwa a lokacin. Ya riƙe hannunta ya ce, "Karanta mini Fatiha, 'yar gidana."

Ta yi bisimilla ta tsaya. Ta dubi ubanta, ya sunkuyar da kai. Sai muka ji murya ƙasa-ƙasa daga bakin ƙofa. Uwar ce take ɗora mata aya bayan aya, don ta haddace ta daga masallacin da ke jikin gidansu. Yarinyar tana maimaitawa tana tuntuɓe. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce amin, sannan ya juya fuskarsa bango. Bai sake yi wa ɗansa magana ba.

Bayan rasuwarsa suka kwashe suka koma Turai. Matar ta zo yi mini sallama, ta rungume ni tana kuka, na roƙe ta gafara. Ƙanena yana cikin mota yana danna hon. Ban fita ba.