Gurbin Amshi a Bakin Dam

Muna sallame asuba munka tashi daga Wurno, ni da ban son nisa da ƙofar gidana. Ɗan ƙanwata ya jawo ni. Shi da wani abokinshi na Ikko sun fitar da faifai, sun ɗauki muryar wani tsohon masunci na Goronyo sun aza mata kiɗan na'ura mai dukan ƙirji. Rediyon birni ta yaba, ta ce sabon salo ne. Amma mai muryar bai ji ba tukuna, kuma yaron ya yi mashi alkawarin in bai yarda ba za a janye waƙar, wadda ita ce uwar faifan.

Hanya duk buhunan albasa, ga injinan ban ruwa suna ta ƙugi cikin fadama. Direbanmu, mutumin Rabah, ya sa faifan, sai wata tsohuwa a baya ta ce, "Ɗana, tsaya ka duba motarka, wani abu ya kwance." Anka yi ta dariya. Ni kuwa na kasa kunne. Duk inda tsohon ya kai ƙarshen baiti yakan yi shiru, su kuma sun cike wurin da amsa-kuwwar muryarshi, tana maimaituwa har ta ɓace. Daɗi akwai, amma wurin ya tsaya mani a rai.

Da hantsi munka iso Goronyo, munka karya da soyayyen kifi mai yaji, tsadarshi awa ba nan aka kama shi ba. Tsohon yana ɗinkin taru a bakin ruwa. Munka sa mashi waƙar, ya saurara har ƙarshe.

"Kiɗan ga na son shi," in ji shi, "awa ranar da aka buɗe ƙofar dam. Amma wa ke amsa mani?"

"Baba, kai ne," in ji yaron. "Mun ga wurin wofi ne."

"Wofi? Wurin ƙanena ne. Shi ka yi mani amshi daga jirginshi tun kafin a gina dam. Da Allah ya karɓe shi ban ba kowa ba."

Yaron ya sunkuyar da kai. Wurin nan ne fa rediyo ta fi yabawa. Can ya ce, "Baba, mi za mu yi?"

"Ku riƙe gangarku, ku mayar mashi da wurinshi."

Bayan la'asar munka dawo gida, ba wanda ya ce a sa kiɗa a mota. Da gyararren faifan ya fito, masu yabon birni sun ce ya rage armashi. Wataƙila gaskiyarsu. Ni dai tafiyar ta koya mani in tambaya kafin in cike shirun mutum. Yanzu in baitin ya ƙare, har jikokina nakan ɗaga ma hannu su dakata.