Ranar da Na Fasa Inna

Duk wanda ya zauna a unguwarmu ta bakin rafi, can bayan Zuba, ya san Kawu Sale ba ya kallon fuskar mutum in ana gaisawa. Sama yake kallo. Kana ce masa ina kwana, shi yana leƙen gabas, in ya hango gajimare ko da kamar tafin hannu sai ya ce, "Lafiya lau, zuwa an jima dai." Ƙanin mahaifiyata ne, dillalin kankana a kasuwar kayan marmari, kuma ban taɓa ganin mai tsoron ruwa irinsa ba.

Tsoron nasa da dalili. Bayan dawowar mulkin farar hula kuɗi suka shigo gari, masu gini suka yi ta cike rafin da ƙasa suna kafa gidaje, har hanyar ruwa ta koma kamar kwata. Kawu ya ce ruwan nan zai zo neman hanyarsa, masu ƙafa za su gudu, to wa zai ɗauki marasa ƙafa? Yana nufin tsofaffi, da Malam Audu makaho, da Innata da ɓarin jikinta ya shanye.

Sai ya ɓullo da abin da ya sa aka ce ya taɓu. Kafin damina yakan kwaso kankanar da ta fara lalacewa, don Kawu ba zai ɓata mai kyau ba ko za a yanka shi. Ya cika buhuna, kowane buhu daidai nauyin tsoho guda, ya raɗa masa sunan mai shi. Sannan ya tara mu matasan unguwa, kowa ya saɓa nasa daga ƙofar gida zuwa firamaren kan tudu. Hajiya Kulu mai ƙosai buhu biyu ya yi mata, ya sa mutum biyu. Da labari ya kai mata, ta daina amsa gaisuwarsa har damina ta wuce.

Ni buhun Inna ya ba ni. Ina tsakiyar hawa santsi ya kwashe ni, buhu ya bugi dutse. Kawu ya kwance bakin buhun, ya ga ja ya malale, ya cire hula ya yi salati. Na ɗauka an gama. Washegari sai ga shi da dattawa, suka shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu suna yi mini ta'aziyya, Inna kuwa na zaune daga ciki tana shan koko. Ta ɗaga murya ta ce in ya kuma kashe ta da bakinsa, sai ta ci gadonsa kafin ya ci nata.

Daga ranar ya ƙwace Inna daga hannuna, ya ba Saraya, maƙwabciyarmu 'yar Gbagyi mai noman doya a bayan gida. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce ina raye, da ƙarfina, mace za ta ɗauki uwata?

"Kai a ina kake yini?" in ji shi.

Na ce a shagona na tashar Jabi.

"To oga, ruwa zai jira ka rufe shago ne? Saraya tana gida. Kuma ka taɓa ganin doya ta faɗo daga kafaɗarta?"

Na yi fushi da shi har na daina zuwa rumfarsa.

Ranar da abin ya zo, da rana tsaka ya zo. Ina Jabi aka kira ni a waya, ban ji komai ba sai ihu da "rafi ya ɓalle". Na shiga mota, gosulo ya riƙe mu, na sauka na hau mashin, mai mashin ya kai wani wuri ya ce shi nan ya tsaya. Sauran da ƙafa na yi shi, ina gudu ina lissafin tsayin gadon Inna, ina tuna ko juyawa ba ta iya yi sai an juya ta. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Da na hango gidanmu, ruwa ya kai taga, ƙofa a buɗe.

Wani ya nuna mini tudu. Na hau da rarrafe. A barandar makaranta na tarar da Malam Audu, da Hajiya Kulu da 'yan dakonta biyu suna haki, ga Inna an jingina ta da bango, ko zaninta bai jiƙe ba. Faɗa take yi wa Saraya, wai an saɓa ta a kafaɗa kamar doya, kuma an baro mata butarta. Saraya ta ce, "Mama, buta ba ya cikin buhu na."

Kawu ya zo yana ɗigar ruwa, ya zagaya Inna yana dubawa kamar mai sayen kaya, ya juyo ya dube ni. Ranar ce kaɗai na ga ya kalli fuskata.

"Duba da kyau," ya ce. "Ta fashe?"

Na buɗe baki in yi dariya, kuka ya fito.

Kawu ya rasu bayan sallar layya. Yanzu ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, an sayar da gonar Saraya za a yi gidaje, ta koma Karu wurin 'yarta. Inna na nan kan gadonta, ni kuma ina yini a Jabi, ina sayar da kaya ina leƙen sama. Jiya na je kasuwa na roƙi ruɓaɓɓiyar kankana, na cika buhu guda, ina bi gida gida ina neman wanda ke yini a unguwa. Har yanzu ban samu ba.

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya sa ya huta. Yadda bai bar kowa a baya ba, Allah kada ka bar shi a baya. Mu kuma ka ba mu mai ɗaukar Inna kafin ruwan fari.