Matar Mai Hoto Ba Ta da Hoto

A gidan jaridar da ya ƙarar da ƙuruciyarsa, Mai Jira ake ce masa. Sai ya kafe a bakin titi tun hantsi, kyamara a ƙirji, har ƙafafu su kumbura bai ɗauki komai ba. Amma in gobara ta tashi ko gini ya rufta, kafin sauran su zuge jaka shi ya gama. Abokan aiki su ce ɗan sa'a ne, shi kuwa ba kalmar da ke ƙona masa rai kamar wannan.

"Ku ma tana zuwar muku," yakan ce, "sai dai ta tarar kuna shan shayi."

A gida ne gwanintar ta cuce shi. Matarsa takan tsokane shi tana ninke kaya: "Baban yara, ka ɗauki duniya kaf, ni ko sau ɗaya?"

"Hasken ɗakin nan bai yi ba. Bari a samu rana mai kyau, in yi miki wanda ba a taɓa yi wa kowa ba."

Abin takaicin, da gaske yake. Ita kuma ta ƙi zuwa shagon kowa, wai da mai hoto a gida ba za ta je ta yi wa baƙo murmushi ba. Haka suka tsufa, har ciwon 'yan kwanaki ya ɗauke ta.

Da masu gaisuwa suka watse, babbar 'yarsa ta ce, "Baba, a ba ni hoton Mama, in riƙa nuna wa yarana."

Ya sauko da kwalayen tsofaffin fim, yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a jikin taga. Ga 'yan ƙwallo, ga masu zanga-zanga, ga matan da bai san su ba suna kukan mazajensu, kowa ya fito tas. Ita babu. Kunya da baƙin ciki suka hana shi ɗago ido.

'Yar ce ta tsinci guntayen da yake turewa gefe. Duk mai sa sabon fim sai ya danna sau biyu a banza kafin fim ya kama, kuma shi a bakin gado yake yin haka kafin ya fita aiki. Yawancinsu silin ne da ƙafar kujera. A ɗaya kuwa ƙofa ta fito a karkace, ga kafaɗa, ga rabin fuska dishi-dishi, baki a buɗe tana magana tana dariya.

Ya wanke shi da hannunsa.

"Baba, me take ce maka a nan?"

Ya daɗe yana kallon hoton.

"Ban sani ba, 'yata. Kaina yana sunkuye, ina gyara fim."